Motar Datti Ta Sauka

"Ka cire mata dogayen ƙafafun nan," in ji Datti. "So nake ta koma ƙasa, yadda masu ita suka ƙera ta."

Ɗanjuma yana kwance a ƙarƙashin motar, rabinsa a ciki rabi a waje, yana ɗaure salansa. Ya turo kansa, ya share baƙin mai daga goshinsa, ya dubi maƙwabcin nasa da ke kishingiɗe a baranda, an tokare masa baya da filo, ƙafafunsa sun kumbura sun yi sumul.

"Yaya Datti, zazzaɓin ne ya dawo?"

"Ras nake."

"Ras kake, kake cewa in sauke mota ana gobe-jibi za mu kama hanya? Ka san abin da ke tsakanin nan da Anacha kuwa? Ramin da zai haɗiye akuya har ƙahonta! Motar da cikinta ke shafar ƙasa ko Owerri ba za ta gani ba, balle Lokwaja, balle Ringim."

"Na sani," in ji Datti. Ya gyara hularsa, ya lumshe ido, wai shi ya gama magana.

Duk layin Hausawan Rumuokoro, a nan Fatakwal, babu wanda bai san motar nan ba. Shuɗiya ce mai ƙofa biyu, irin ta tsere. Datti ya saye ta ne a hannun wani Bature na kamfanin mai da zai koma ƙasarsu, a zamanin da Datti ke tuƙa shi. Ranar da ya shigo da ita, a manne take da ƙasa kamar ƙadangare. Ko mako ba ta yi ba Ɗanjuma ya ɗage ta da hannunsa. Ya sa mata sifirin na a-kori-kura, ya sa dogayen shokozoba, ya cusa roba mai kauri a samansu. A Fatakwal ai kowa ɗaga mota yake yi, ga ruwa ga ramuka, amma tasu ɗagawar ta wuce misali. Motar ta miƙe tsaye a kan tayoyinta, yaran layi suka raɗa mata suna Zalɓe, sunan kuma ya bi ta.

Ba don titin Fatakwal suka yi ba. Don Ringim suka yi. Su biyun 'yan unguwa ɗaya ne a can, Datti ne ma ya janyo Ɗanjuma kurmi yana saurayi, ya kai shi koyon kanikanci, daga baya suka kama ɗakuna katanga ɗaya. Sun sha zuwa gida, ba a ce ba su je ba, amma a doguwar bas, gaisuwar mutuwa ko ɗaurin aure, kwana kaɗan a juyo. Wannan ba shi ne komawa ba. Komawa ta gaskiya, wadda ba a juyowa, a cikin Zalɓe za a yi ta, Datti a sitiyari, Ɗanjuma a gefensa, su shiga gari da hantsi a ga abin da suka zama. Kullum zancen ke nan bayan sallar Magariba. Bana in an sha ruwa. To, bari damina ta wuce. Bari Munira ta gama makaranta. Munira, 'yar Datti, ta gama, ta yi aure, har ta haihu, Zalɓe na nan tsaye a ƙofar gida tana jira.

Yanzu kuwa likita ya ce a kai Datti gida a ci gaba da lallaɓa shi, zuciyar ta gaji. Kowa a zango ya san fassarar wannan magana. In dattijo ya kai nan, sai a sa shi a mota a nufi Arewa tun da sauran numfashi, domin mamaci ba a yawo da shi, inda ya cika nan ake rufe shi. Shi ya sa Ɗanjuma ya rufe garejinsa, ya juye mai, ya canza birki, ya cika tanki taf. Har jakarsa ya haɗa ya jefa a but bai gaya wa kowa ba. Tsoronsa ɗaya ne a duniya, kada Datti ya mutu a nan a binne shi cikin ƙasar da ko an haƙa ta ruwa take tsattsafowa.

Sai ga mutumin da ake wa wannan ɗawainiya yana cewa a sauke mota.

Ɗanjuma bai ce ba zai yi ba. Wa zai dubi mara lafiya ya ce masa a'a? Sai ya bi ta hanyar da kowane bakanike ya iya tun yana koyo.

"Kayan babu su a Fatakwal, Yaya. Sai Anacha."

"A aika Anacha."

Washegari ya ce Obinna, mai sayar masa da kayan gyara a can, bai ɗaga waya ba. Bayan nan ya ce an samu shokozoba, sifirin ne babu. Daga nan ya ce an samu sifirin amma na gaba kaɗai. A ransa yana cewa tsohon zai gaji ya haƙura, a ɗauke shi a tafi. Datti kuwa kullum sai dai ya ce, "To, Allah ya kawo." Cokalin kokon da yake sha yana ta raguwa.

Ran nan da rana tsaka Ɗanjuma na alwala a bakin famfo, sai ga okada, wato ɗan acaɓa, ya tsaya, Munira ta sauko da goyo a bayanta, ga kwali biyu ɗaure da igiyar roba. Ta sa mai okadan ya dire su a gabansa, tim.

"Baba Ɗanjuma, sannu da hutawa."

"Yauwa, Munira. Mene ne wannan?"

"Kayan da babu su." Ta kama ƙugu. "Na ɗauki lambar Oga Obinna a jikin kalandar garejinka. Cewa ya yi ko kiransa ba ka yi ba. A ranar ya sa su a bas daga tashar Upper Iweka. Haba Baba, abeg! Wetin Babana ya yi maka?"

Kunya ta rufe Ɗanjuma, ya rasa inda zai sa butar. Yarinyar da ya yi wa huɗuba a kunne ce yau take tsaye tana tuhumarsa, kuma da gaskiyarta.

"Gida nake son kai shi, 'yar nan."

"Ina ne gida?" ta ce. "Ni ban san ko'ina ba sai nan. In ka tafi da shi, ko wankansa ba zan ji an yi ba, sai dai a bugo min waya."

Ta shige ciki tana goge ido da bakin mayafi.

Bayan La'asar ya je ya zauna a gefen tabarmar Datti. Ana jin ihun 'yan kamasho daga tasha, da mai rake yana kankara a bakin layi.

"Ka yi min ƙarya, ɗan nema," in ji Datti, yana murmushi.

"Na yi."

"Tun ran farko na gane. In za ka yi ƙarya sai ka riƙa sosa ƙeya, tun kana yaro haka kake." Ya tsaya ya ja numfashi, don yanzu magana ma aiki ce a wurinsa. "Ka tuna zuwana na ƙarshe, rasuwar yayata Hajaratu? Na tsaya a ƙofar gidan da aka yanke min cibiya, wani matashi ya fito ya ce, Baba, wa kake nema? Tsamiyar da muke zama a gindinta an sare ta, shagon cajin waya ne a wurin. Na zaga unguwar ina sallama, ana amsa min irin amsar da ake yi wa baƙo. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, Ɗanjuma. Ban gaya maka ba ne don na ga kai abin yana riƙe da kai."

"Ko ba kowa, ai akwai ƙasar. Akwai iyayenmu a kwance."

"Fatsuma fa? A ina take kwance?"

Ɗanjuma ya sunkuyar da kai. Shi ya riƙe makarar matar Datti ta gaba, a nan bayan gari.

"Motar nan kuma na zalunce ta," Datti ya ci gaba. "Shekara da shekaru ina tuƙa ta tana rangaji a kwana kamar kwale-kwale, duk don tafiyar da ba mu yi ba. Baturen nan ya taɓa ɗaukata a cikinta, ya sha kwana a guje, wallahi ko hulata ba ta motsa ba. So nake in sake jin haka sau ɗaya. Shi ke nan roƙona."

Abin da ke cin Ɗanjuma tun kwanaki ya fito daga bakinsa.

"To ni fa, Yaya? Ni in koma da wa?"

Datti ya dube shi. Ya miƙo hannu ya dafa masa gwiwa, hannun ba nauyi ko kaɗan.

Da gari ya waye Ɗanjuma ya fito da kayan aikinsa. Ya ɗora motar a kan jak, ya tokare ta da kututture, ya cire tayoyin ya jingine su a bango. Notocin da ya ɗaure da ƙuruciyarsa sun yi tsatsa sun kafe, sai da ya jiƙa su da baƙin mai, ya sa bututu a kan sifana ya hau da ƙafa kafin suka yi ƙara suka saki. Ya zaro dogon shokozoba na gaba, ya kama sifirin da ƙarfen matsewa, yana juyawa a hankali ta wannan gefe, ya koma ta wancan, don abin nan in ya kuɓuce sai ya fasa wa mutum haƙarƙari. Robar da ya cusa tun wancan zamani ta fito a tsattsage, ta zama kamar busasshen ganda.

Datti ya sa an jawo masa tabarma har bakin baranda. Ƙarfin da ya rasa na cin abinci sai ga shi ya samu na ba da umarni.

"Ba haka ba! Gajeren na gaba ne."

"Yaya, ni ne bakaniken ko kai?"

"Bakaniken da ya mai da motar tsere raƙumi?"

Mutanen da suka taru kallo suka fashe da dariya. Har Malam Falalu, limamin masallacin layin, ya tsaya da buta a hannu yana leƙe. Wani mai goro ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin an kira bakanike a rage wa mota tsawo a garin nan ba, sai dai a ƙara. Ɗanjuma bai kula su ba. Sababbin sifirin ɗin gajeru ne masu tauri, shokozoban na sheƙi. Yana ɗaura kowanne yana ji a jikinsa kamar wani gari yake cirewa daga hanya. Wannan ya tafi da Kaduna. Wannan ya tafi da Kano. Da ya zo kan na ƙarshe sai da ya tsaya ya share fuska da gefen riga, ya ce gumi ne.

Rana ta karkata kafin ya mayar da tayoyin. Ya saki jak a hankali. Motar ta yi ƙasa, ta ƙara yin ƙasa, har mutane suka ja da baya suna salati, sannan ta tsaya. Ya danna gabanta da tafin hannu biyu, ta dawo sau ɗaya ta nutsu, babu wani lilo. Ya zura yatsu tsakanin taya da madigadi, biyu suka shiga da ƙyar. Da can har kansa yake shigarwa.

"Tabɗi!" in ji mai goro. "Ashe kyakkyawa ce."

Datti kuwa kallonta kawai yake yi, leɓensa na motsi.

Washegari Ɗanjuma ya saita mata ƙafafu, bayan La'asar aka fito da Datti cikin farar riga. Munira da mijinta suka riƙo shi, amma da aka zo bakin ƙofar motar sai ya ce su sake shi. Ya juya baya, ya zame a hankali, kujerar ta karɓe shi. Ɗanjuma ya shiga wajen direba ya tayar.

Ba su yi nisa ba suka ci karo da abin da kowa ya manta. A bakin layin akwai tudun siminti da jama'a suka gina don rage gudun 'yan okada. Zalɓe a da ko sanin yana nan ba ta yi ba. Yanzu kuwa hancinta ya tsaya daf da shi, ba gaba ba baya. Ɗanjuma ya buga sitiyari. Ina amfanin wannan wahala, motar ko layi ba za ta fita ba?

Malam Falalu ne ya tattare babbar rigarsa ya ɗaga murya. "Ku ɗauko bencinan makarantar allo! Kai mai shayi, kawo katakon teburinka!"

Kafin ka ce kwabo an shimfiɗa katakai gaba da bayan tudun, an tokare da bulo. Ɗanjuma ya karkata motar ya hau a gicciye, taya ɗaya bayan ɗaya, liman na gaba yana yi masa alama da hannu kamar ɗan kamasho. Da tayar ƙarshe ta sauka layin ya ɗauki kabbara.

Suka kutsa cikin cunkoson Rumuokoro, manyan motoci na kallonsu daga sama, har suka samu hawa gadar sama inda kwalta take sumul. Nan Ɗanjuma ya ba ta wuta. Motar ta kwanta a kan titi ta miƙe, ya juya sitiyari kaɗan ta bi shi nan take, ba karkata ba rangaji. Shi kansa sai da ya yi murmushi don daɗi.

"Ka ji?" Datti ya ɗaga murya, iska na kaɗa masa gemu. "Ka ji ta? Haka take! Ƙara mata!"

Yana dariya yana tari, hawaye na bin kuncinsa. Ɗanjuma rabon da ya ji wannan dariyar tun Fatsuma na da rai.

Da suka sauko ya kamata su zagaya su koma layi. Amma hannun Ɗanjuma ya ƙi. Ga hanyar filin jirgi a buɗe, wadda ke wucewa Owerri, ta kai Anacha, ta haye kogi ta yi Arewa. Tanki cike yake, jakarsa na but. Zuciyarsa ta ce masa a hankali za a bi, rami a kauce masa, tudu a nemi katako, ai sannu ba ta hana zuwa. Ya karya kan motar ya ɗauki hanyar.

Datti ya dube shi ta gefen ido. Gidaje suka fara raguwa, itatuwan kwakwar manja suka fara yawa. Ɗanjuma ya kafa ido a gaba, ya ƙi waiwayawa. Sai suka iso inda manyan motoci suka cinye kwalta, ruwan sama ya kwanta a ciki. Ya rage gudu, ya lallaɓa ta gefe iya dabararsa ta shekaru. Cikin motar ya gurzi ƙasa, ƙuuu, har cikin haƙoransa.

"Ta ba ka amsa," in ji Datti a hankali. "Juya, ƙanena. Na gaji."

Ɗanjuma ya gangara gefen hanya ya kashe injin. Ya kifa goshi a kan sitiyari, kukan da yake ta dannewa ya ƙwace masa, kuka sosai irin na wanda ya san ba shi da sauran dabara. Wata doguwar bas ta zo ta wuce su, an lafta mata jarkokin manja a sama, wani a taga yana cin rake hankali kwance. Ya bi ta da kallo har ta sha kwana.

Datti ya buɗe ƙofarsa ya sauke hannu waje.

"Dubi ikon Allah," ya ce. "Daga zaune ina taɓa ƙasa."

Suka juyo. Mutanen layi na nan tsaye da katakansu ba wanda ya tafi.

Datti bai sake fita ba. Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, ana yayyafi, Munira ta ƙwanƙwasa katangar da ke tsakaninsu. Ɗanjuma ya shiga ya same shi idonsa biyu. Ya zauna ya ɗora kansa a cinyarsa, yana maimaita kalmar shahada a kusa da kunnensa, Datti na bi da leɓe, har leɓen ya daina motsi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Shi ya shafe masa ido.

Kafin Azahar an kai shi maƙabartar Musulmi ta bayan gari. Kamar yadda Ɗanjuma ya daɗe yana tsoro, ruwa ya tsattsafo a ƙasan kabarin, sai da aka kwashe da kwano aka zuba busasshen yashi. Shi ya shiga ya karɓe shi, ya kwantar da shi a kan damansa, ya juya fuskarsa gabas. Aka jera itace, aka tura ƙasa, baƙa mai danƙo da ke manne wa hannu. Malam Falalu ya yi addu'a aka shafa, jama'a suka fara komawa wajen motoci.

Ɗanjuma ya riƙo hannun rigar liman.

"Malam, nan gefen nasa, akwai mai shi?"

Liman ya dubi wurin, ya dube shi. "Ai ba a kama wuri a nan, Ɗanjuma. Layi ake bi. Wanda Allah ya kira a gaba, shi ne mai shi."

"Haka ne."

"Taso mu tafi, ruwan zai dawo."

"Ku yi gaba, Malam. Ina zuwa."

Liman ya tafi. Ɗanjuma ya tsaya shi kaɗai tsakanin sabon tudun da filin da ba a taɓa ba, ciyawa ta rufe shi har ƙauri. Can a bakin ƙofa wani yana danna hon. Ya naɗe hannun rigarsa, ya durƙusa, ya fara tuge ciyawar da hannu, yana karkaɗe ƙasar jikin saiwar, yana tara ta gefe guda.